Maƙalar Mako: Mai son shiga gasar karnuka, daga ina zai fara?



Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce ta gasa. Mai Rottweiler yana tambaya, mai Boerboel yana tambaya, har da 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Jamus waɗanda filin gasar yake kusa da ƙofarsu. Kowa so yake a ce masa karensa zai ci kofi. To amsarmu ba lallai ta yi wa kowa daɗi ba. Yawancin karnukan da muke alfahari da su saboda girman kai da faɗin ƙirji da tarin tsoka, su ne alƙali na ƙwarai zai fara sallama daga fage. Ra'ayinmu shi ne duk mai son shiga wannan harka ya fara da sanin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta. Wanda ya tsallake wannan, kuɗinsa ne zai tafi, karensa kuma shi zai sha wahalar.

Gasar karnuka irin ta zamani a Ingila aka haife ta. Ta farko an yi ta ne a Newcastle a 1859, da karnuka kimanin 60, kuma dukkansu karnukan farautar tsuntsaye ne, iri biyu kacal. Maharba ne suka taru su ga wane ne ya fi kyan iri, domin a san wanda za a kai wa karya. A 1873 aka kafa Kennel Club, ƙungiyar da ta fara ajiye littafin salsalar karnuka, tana rubuta wane ya haifi wane. Amurka ta kafa tata a 1884. A 1891 wani ɗan kasuwa mai tallan biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya fara gasar da har yau take ɗauke da sunansa, wato Crufts, wadda ake yi duk watan Maris a Birmingham, kwana huɗu ana fafatawa da karnuka kusan dubu ashirin. Ƙasashen Turai kuwa suka haɗa kai a 1911 suka kafa tarayyar da ake kira FCI, mai hedikwata a Beljiyam, kuma tsarinta ne mafi yawan ƙasashen duniya suke bi. Duk wannan ginin a kan abu ɗaya aka ɗora shi: zaɓen uban garke da uwar garke. Shi ya sa a Amurka ba a shigar da karen da aka dandaƙe ko karyar da aka cire wa mahaifa wannan gasa, shi ya sa kuma za ka ga alƙali ya kai hannu ƙarƙashin namiji ya tabbatar 'ya'yan marainansa biyu duk sun sauko. Mai kallo na farko yakan yi dariya a nan. Amma duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen ragon da zai bar wa tumakinsa ya san ba a dariya da wannan wurin.

Kowane iri yana da rubutaccen mizani, shafi biyu ko uku, da ya fayyace tsayinsa, da nauyinsa, da siffar kansa, da yadda haƙoransa za su haɗu, da launin da aka yarda da shi, da halinsa, da irin tafiyarsa. Alƙali ba ya cewa wannan ya fi wancan kyau don ya burge shi. Yana auna kowane kare ne da mizanin irinsa, wanda ya fi kusa da abin da aka rubuta shi ya ci. Ko a zagayen ƙarshe da za ka ga ɗan mitsitsin kare ya kayar da ƙato, ma'anarsa ɗan ƙaramin ya fi cika siffar danginsa fiye da yadda ƙaton ya cika ta nasa.

Mu ɗauki Rottweiler tunda shi ne da yawa a gidajenmu. A mizanin FCI, namiji tsayinsa a kafaɗa santimita 61 zuwa 68 ne, nauyinsa wajen kilo 50. Mace 56 zuwa 63, wajen kilo 42. Kenan wanda dillali ya sayar maka a matsayin "babban iri" mai kilo 70, da kansa kamar turmi, aibi ya sayar maka da tsada. Babban kare yana da haƙora 42, kuma a wannan irin in guda ɗaya ya rasa an fitar da shi daga gasa. Farin tabo a jiki, waje. Idanu rawaya, waje. Dogon gashi mai lanƙwasa, waje. Karen makiyaya na Jamus, wanda muka fi sani da Alsatian, namijinsa santimita 60 zuwa 65 ne, kilo 30 zuwa 40, farinsa kuma ba ya shiga a sunan wannan irin. Waɗannan mizanai suna nan a intanet kyauta a shafukan ƙungiyoyin. Abin mamaki ne mutum ya fitar da kuɗin da zai sayi babur ya sayi kwikwiyo, amma bai karanta shafi uku da suka bayyana abin da yake saye ba. Aikin farko kenan: ka nemo mizanin irin karenka, ka karanta shi da karen a gabanka, da abin awo a hannunka, ka gaya wa kanka gaskiya.

Sai batun takarda, kuma a nan ne aka fi cutar mutanenmu. Katin rigakafi da likitan dabbobi ya sa wa hannu ba takardar salsala ba ce. Takardar da mai kiwo ya buga a kwamfutarsa da hoton kambi da tutoci, ita ma ba ita ba ce. Takardar salsala ta gaske wata ƙungiya ce mai rajista take bayar da ita, tana ɗauke da sunayen iyaye da kakanni aƙalla hawa uku da lambar rajistar kowannensu, kuma kana iya rubuta wa ƙungiyar ka tambaya. Tana kuma ɗauke da lambar wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake dasawa a ƙarƙashin fatar wuyan kare, lamba mai alƙaluma 15 wadda likita yake karantawa da na'urarsa. In lambar jikin kare ba ta yi daidai da ta jikin takarda ba, takardar wani karen ce aka manna wa naka. A Ingila dasa wannan na'ura wajibi ne tun 2016. Kafin ka biya, ka ce a karanta lambar a gabanka. Ka ce kana son ganin uwar da idonka, tana tafiya, ba a keji ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka nan karyar da take jan ƙafar baya ba za ta haifa maka zakaran fage ba.

Ga wanda bai riga ya saya ba, shawararmu ya daure ya yi shekara guda yana zuwa kallo kafin ya sa hannu a aljihu. Ana shirya irin waɗannan taruka jifa-jifa a Legas da Abuja, 'yan'uwanmu na Turai kuwa kusan kowane ƙarshen mako akwai wata a kusa da su. Ka tsaya a gefen fagen irin da kake so, ka zaɓi naka gwanin a zuciyarka kafin alƙali ya zaɓa, in kun saɓa ka nemi sanin dalili. Ka gaisa da tsofaffin hannu bayan sun gama, ba lokacin da suke shirin shiga ba. Mai kiwo na kirki ba ya sayar wa baƙon fuska mafi kyan kwikwiyonsa, kuma yana da gaskiya.

Me ke faruwa a cikin fagen? Ana raba karnuka aji-aji bisa shekaru, maza daban, mata daban. A Ingila da Amurka kare yakan fara shiga gasa ta sosai yana ɗan wata shida. Za a ba ka lamba ka ɗaura a damtse ko ka maƙala a ƙirji. Ku shiga a jere, kare yana hagunka, ku zagaya fagen ta yadda kullum karen ne yake tsakaninka da alƙali, don ba kai aka zo gani ba. Daga nan a kira ku ɗaya bayan ɗaya. Za ka tsayar da shi cak, ƙafafu huɗu a mazauninsu, kai a sama. Ƙananan karnuka a kan tebur ake ɗora su. Alƙali ya zo ta gaba ya duba idanu da kunnuwa, a buɗe baki ya ga haɗuwar haƙora, ya bi da hannu ta wuya zuwa kafaɗa, ya ji haƙarƙari, ya shafa gadon baya, ya taɓa cinya ya ji tsoka ce ko kitse. Sannan ya ce ka tafi da shi ka dawo a miƙe, ko ka yi masa kusurwa uku, domin ya gan shi ta baya, ta gefe, da ta gaba. Duk wannan minti biyu ne, in ya yi yawa uku. Wata shida kana shiri, minti biyu a gama da kai.

Tafiyar nan ita ce komai. Gashi yana ɓoye aibi, mai riƙo mai wayo yana iya gyara tsayuwa ya rufe karkatacciyar ƙafa, amma da kare ya ɗauki sassarfa asiri ya tonu. Kafaɗar da ta miƙe da yawa ba ta bari ƙafar gaba ta kai nesa. Ƙugu mai rauni yana sa bayan ya riƙa rangaji. Masu dawaki a cikinmu sun san wannan tun kafin mu faɗa: ba a sayen doki a turke.

A tsarin FCI alƙali yana ba kowane kare daraja, daga mafi kyau zuwa mai kyau ƙwarai zuwa mai kyau zuwa wanda ya dai wadatar, kuma a ƙasashe da dama yana rubuta maka sharhi a takarda. Ga sabon shiga wannan takardar ta fi kofi amfani, don a nan ne wanda ya taɓa ɗaruruwan karnuka yake gaya maka abin da ya ji a ƙarƙashin hannunsa. A Ingila kare yana zama zakara idan ya sami takardar cancanta uku daga alƙalai uku mabambanta, ɗaya daga ciki bayan ya wuce wata goma sha biyu. A Amurka maki 15 ake tarawa, da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai biyu. Hikimar a fili take: kada ra'ayin mutum ɗaya, ko abotarsa da mai kare, ta naɗa sarki. Wani ɗan abin lura ga masu zuwa kallo, a Ingila jan kati shi ne na ɗaya, shuɗi na biyu, a Amurka kuwa shuɗi ne na ɗaya, ja na biyu. Kada ka je ka taya wanda ya zo na biyu murnar lashe gasa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar mu nan gida. Mafi yawanmu don gadi muka ajiye kare, kuma tarbiyyar da muke ba shi ita ce kada ya yarda da kowa. Yini yake a ɗaure a bayan gida, dare ya yi a sake shi. Irin wannan karen ba zai tsaya baƙo ya buɗe masa baki ya shafa masa ciki ba, kuma karen da ya kai wa alƙali cizo an kore shi, wani lokacin har abada. Wanda ya noƙe ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu shi ma ya faɗi, don hali yana cikin mizani kamar yadda tsayi yake ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yana farawa tun yana kwikwiyo, kuma lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar sabon abu gajere ne, daga mako uku zuwa wajen mako goma sha huɗu. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin rigakafinsa bai kammala ba, cutar gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo kuma tana nan a ƙasa ko'ina. Mafita ita ce ka ɗauke shi a hannu ko a mota, ya ga mutane, ya ji ƙarar babur da janareto da hayaniyar yara, ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasar da wasu karnuka suke bi ba. A gida kuwa, minti biyar da safe, minti biyar da yamma sun isa. Ka tsayar da shi, ka ƙirga uku, ka ba shi ɗan yankin busasshiyar hanta. Gobe ka ƙirga biyar. Ka ɗaga leɓensa ka duba haƙora, ka saka masa. Ka sa ƙaninka ya yi, ka sa maƙwabci ya yi. Ka koya masa tafiya a hagunka da siririyar igiya a sake, ba da sarƙar da ake ɗaure sa ba. In ya gaji ka ƙyale shi. Karen da aka koya wa tsayuwa da duka yana tsayawa, amma idonsa yana gaya wa alƙali komai. A Ingila akwai azuzuwan yamma da ƙananan ƙungiyoyi suke shiryawa don wannan horon kawai, inda sababbi suke kwaikwayon gasa su da karnukansu. Babu abin da zai hana mutum biyar a Kaduna ko Jos ko Maraɗi su riƙa haɗuwa ranar Asabar da sassafe su yi haka, wannan ya zama alƙalin wancan.

Kai ma mai riƙo akwai naka shirin. Babbar riga ba ta shiga fage, iska za ta riƙa kaɗa ta a fuskar kare. Silifas ma haka, gudu za ka yi. In karenka baƙi ne kada ka sa baƙin wando, don layin bayansa zai ɓace a jikinka.

Masu tunanin akwai kuɗi a ciki su saurara. Karen da ya lashe Crufts gaba ɗaya, kyautar kuɗinsa ba ta wuce fam ɗari biyu ba. Babbar gasar Amurka ta Westminster, wadda ake yi tun 1877, ba ta ba zakaranta ko sisi. Kuɗin shiga, da mota, da masauki, da abinci, da likita, duk daga aljihunka. Ribar da ake samu tana zuwa ne daga baya, ta hanyar kuɗin barbara da farashin 'yan kwikwiyo, kuma daga wannan ƙofar ce ɓarna ta shigo harkar.

Wannan ɓarnar ita ce dalilin rubutun nan, don ba ma son mu kwaso ta tare da kofuna da ƙyallayen yabo. Abin da ya faru a Turai shi ne, mizani ya ce gajeren hanci, alƙalai suka riƙa zaɓen wanda ya fi gajarta, masu kiwo suka bi, bayan shekara ɗari aka wayi gari da karnukan da ba su da hancin numfashi. Mizani ya ce baya ya ɗan gangara, aka gangarar da shi har kare yana tafiya kamar mai ciwon ƙugu. A 2003 wani ɗan kare mai shafaffiyar fuska, irin Pekingese, ya lashe Crufts, sai da aka ɗora shi a kan ƙunshin ƙanƙara kafin a ɗauke shi hoto don kada zafi ya kayar da shi. A Ingila fa, a watan Maris. A 2008 BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed wanda ya fallasa cututtukan gado da auren dangi na kusa suka jawo wa karnukan gasa. Abin ya girgiza ƙasar. BBC ta daina nuna Crufts bayan shekaru masu yawa tana yi, manyan masu ɗaukar nauyi suka janye, Kennel Club ta sake duba mizananta, kuma daga 2009 ta daina yi wa 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa rajista. A 2012 aka sa likitocin dabbobi su duba zakarun wasu iri 15 a Crufts kafin su wuce zagaye na gaba. Shida suka faɗi. Karnukan da ƙwararrun alƙalai suka ce su ne mafi kyau a danginsu, likita ya ce ba su da lafiya. A 2016 kuma aka sake yin ca a kan wata Alsatian da ta zo ta ɗaya a irinta tana tafiya bayanta a durƙushe.

Wani zai ce to ai wannan hujja ce ta a bar gasar gaba ɗaya, mu tsaya a kan karen gadi da na farauta. Maganar tana da ƙarfi, kuma ba mu raina ta ba. Mu da muka tashi muka ji ana cewa amfanin kare uku ne, farauta da gadi da tsaron dabbobi, ba mu da dalilin ajiye wanda ba ya iya ko ɗaya. Amma mu duba kasuwarmu yadda take yau ba tare da gasa ba. Kowa yana haɗa abin da ya ga dama da abin da ya ga dama, wa da ƙanwa a keji ɗaya, a sayar da 'ya'yan da sunan "shigo da su aka yi". Ba mai dubawa, ba mai rubutawa. Fage mai tsari shi ne wuri ɗaya da mai kiwo zai fito da hajarsa a bainar jama'a wani wanda ba abokin cinikinsa ba ya sa mata hannu. Jamusawa sun nuna ana iya haɗa biyun. Ƙungiyar Alsatian ta ƙasarsu, wadda Max von Stephanitz ya kafa a 1899, ba ta wadatuwa da kyan tsayuwa. Kafin a amince da kare a matsayin na iri sai an ɗauki hoton ƙugunsa da gwiwar hannunsa, sai ya ci jarrabawar aiki, sai ya yi sassarfar kilomita 20 a gefen keke. Duk da haka su ma ba su tsira daga gangararren baya ba, wanda ke nuna maka ƙarfin son abin da ido ya saba gani. Amma aƙalla sun sa shinge. Sabon shiga ya sa wa kansa irin wannan shingen tun ranar farko: hoton ƙugu bayan kare ya cika shekara, a asibitin koyarwa na dabbobi irin na Zariya ko wani mai na'urar, kuma in sakamakon bai yi kyau ba, ko kofi goma ya ci kada a kai masa karya.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai ake magana. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, iskar kanta ta wuce 40. Ka ɗauko Caucasian, wanda aka yi gashinsa don dusar ƙanƙarar duwatsu, ko Bulldog mai toshasshen hanci, ka sa shi a bayan mota tafiyar awa huɗu, ka tsayar da shi a rana yana jiran ajinsa. Wannan ba sha'awa ba ce, azabtarwa ce. Haka nan yanke kunne da guntule wutsiya da muke yi don kare ya yi kwarjini. Kennel Club ta hana karen da aka yanke wa kunne shiga gasarta tun ƙarni na 19, Jamus ta haramta guntule wutsiya a 1998 in ban da wasu karnukan farauta, mizanin Rottweiler na yanzu kuma da cikakkiyar wutsiya ya siffanta shi. Wanda ya sa reza a kunnen kwikwiyonsa ya rufe masa ƙofar fagage da dama da hannunsa.

Abin da ya fi ba mu takaici kuwa, muna can muna neman karen ƙanƙara alhali akwai karen gasa na duniya da ya fito daga maƙwabtanmu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san yankin Azawak, arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden har zuwa Menaka a Mali, ƙasar da shanun Azawak suka samo sunansu. Karen Buzaye na wannan yankin, wanda suke kira oska, dogo siriri mai dogayen ƙafafu da yake korar barewa da zomo da rana ya tsare zango da dare, an kai shi Turai a farkon shekarun 1970. FCI ta karɓe shi tun farkon shekarun 1980 da sunan Azawakh, Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Mizaninsa ya ce namiji santimita 64 zuwa 74, kilo 20 zuwa 25, tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa, ƙashi da tsoka suna bayyana ta ƙarƙashin siririyar fata. Mizanin Amurka ma cewa ya yi a ga haƙarƙari uku zuwa biyar. Wato abin da mu za mu gani mu ce yunwa ce, a can shi ne daidai. Kuma Faransa ce take riƙe da mizanin a FCI, ita take da ta cewa a kan siffar karen da ba a ƙasarta aka haife shi ba. Launukan da ta amince da su sun fi waɗanda ake gani a zangunan Sahel ƙaranci, har masu kiwonsa a Turai suna jayayya a kan haka, don daga 'yan tsirarun karnuka nasu suka yaɗu kuma suna buƙatar sabon jini daga tushe. Irin wannan ta faru da Basenji na Kongo, karen da ba ya haushi, wanda ɗaya daga cikinsu ya lashe Crufts a 2001. Da cututtukan gado suka yi musu yawa a Amurka, sai da aka koma ƙauyukan Kongo aka ɗauko wasu, aka buɗe musu littafin salsala a 1990. Karen ƙauye da ba shi da takarda ko ɗaya shi aka je nema ya gyara jinin masu takarda.

Ba muna cewa kowane karen unguwa Azawakh ne ba, kada gobe dillalai su fara sayar mana da shi da wannan sunan. Muna cewa ne 'yan farautarmu sun daɗe suna zaɓen iri, sun san karyar da 'ya'yanta suke da hanci da wadda nata suke da gudu, sun san layin da yake jure ƙishirwa. Iliminsu a ka yake, ba wanda ya rubuta. Duk taron karnuka da za a yi a ƙasar nan ya kamata a ware wa karnukan gida aji na gaske, da tsohon maharbi a gefen alƙali, ba ajin ban dariya da ake sawa a ƙarshe mutane suna tafiya ba.

Ga masu shirya taruka, tunda muna da su a wannan zaure, ga abin da muke roƙo kafin mu kawo karnukanmu. A sanar da sunan alƙali da mizanin da zai yi aiki da shi tun kafin a karɓi kuɗin shiga. Kada alƙali ya yi hukunci a kan karen da shi ya sayar ko ya haifar a gidansa. A ajiye likitan dabbobi a bakin ƙofa yana duba katin rigakafin ciwon haukan kare da na gudawar jini, yana duba kaska da ƙazuwa, kuma a ba shi ikon mayar da kowane kare gida ko na wane ne, har da wanda ya ga yana numfashi da ƙyar. A ba kowa sharhinsa a rubuce, ko layi uku ne. A sa taron a cikin hunturu, Disamba ko Janairu, a fara da hantsi bai ɗaga ba, a tanadi rumfa da ruwa a gefen kowane fage, manyan karnuka masu gashi su fara shiga, a tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

Waɗanda suka taɓa shiga fage a cikinmu, nan gida ko a waje, muna jiran ku a sashen sharhi, musamman wanda yake da takardar sharhin alƙali da zai iya nuna wa sababbi yadda take.